Itatuwan Jirgi a Gonar Aro

Issiaka Drabo,
Magatakardan Ƙungiyar Mata Manoman Wake ta Zemstaaba,
Unguwar Bakin Tafki, Tampelga,
Burkina Faso.

14 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga
Mai Girma Kantoman Gundumar Tampelga,
Ofishin Gunduma, Tampelga.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘORAFIN NOPOKO GANSONRE, MATAR MARIGAYI TINGA GANSONRE, KAN ITATUWAN DA AKA SA TA AJIYE A GONAR ARO DON HAYAƘIN JIRGIN SAMA

Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, tare da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ina neman izinin gabatar da ƙorafin Nopoko Gansonre, dattijuwa, ɗaya daga cikin matan ƙungiyarmu. Ba ta karatu, ba ta rubutu. Ta zauna a kan benci a gabana ta faɗi nata, ni kuma na tsara, na haɗa da abin da idona ya gani.

An gaya mini ranka ya daɗe mutumin Mosi ne. Ni ɗan Samo ne, ƙabilar da ke abokan wasanku, don haka da wata rana ce daban, da na fara da tambayar ko bawana ya tashi lafiya, kai kuma ka rama yadda kakanninmu suka saba. Yau na ajiye wasan nan a bakin ƙofa tare da takalmina, domin abin da ya kawo mu gona ce, kuma ita kaɗai matar nan take da ita. Ga ƙorafin daki-daki.

1. Cewa a shekarar babbar yunwa ta 1984, marigayi Tinga ya sauko daga arewa da matarsa Nopoko da jaki ɗaya, ya durƙusa gaban Baba Yamba Kinda ya roƙi wurin noma. Baba Yamba ya ara masa wani yanki a bakin tafki, a gaban shaidu, bisa sharaɗin da kowa ya sani. Duk shekara a kai wa mai ƙasa kwandon farko na amfanin gona da kaza guda. Kada a yi gini. Kada a dasa itace. Ranka ya daɗe ya fi ni sanin dalili, tunda al'adarku ce: a nan, wanda ya dasa itace a ƙasar aro ya faɗa wa duniya cewa ƙasar ta zama tasa. Shekara arba'in ke nan gidan Gansonre ba su taɓa karya sharaɗin ba. Ko tsiron mangwaro ne ya fito da kansa inda yara suka jefar da ƙwallo, Nopoko takan tumɓuke shi tun yana ganye biyu.

2. Cewa a wannan gona take noman koren wake da rani, irin siririn nan da ake tsinka tun bai yi ƙwaya ba. Ita ba ta cin sa, ta ce ciyawa ce da Turawa suka ba suna. Mota ke kwashe shi zuwa Wagadugu, jirgin sama ya ɗauke shi zuwa Turai tun bai yi yaushi ba. Da abin da ya shigo take sayen geron shekara, ta ciyar da jikokinta uku, waɗanda ubansu ya tafi haƙar zinariya har yau ba labari. Nopoko ba ta taɓa shiga jirgi ba. Ba ta taɓa ganin sa a ƙasa ba ma. Iyakarta da shi farin layin nan da yake ja a sama, in ta ɗaga kai daga tsinkar wake don ta miƙe ƙugu.

3. Cewa ranar 9 ga Yuni, 2023, kamfanin da ke sayen wakenmu ya aiko wakilinsa, wani saurayi ɗan birni mai suna Wendkuni Bamogo, ya tara mata a rumfar awo. Ni na yi masa tafinta inda harshen gida ya gagare shi, wanda kuwa ya gagare shi sau da yawa, abin kunya ga ɗan Mosi a gaban ɗan Samo. Ya ce masu cin wake a Turai sun fara ƙyamar duk abin da jirgi ya kawo, saboda hayaƙin jirgi yana ƙara wa duniya zafi. Ya ce maganin shi ne itace, domin itace yana shanye hayaƙin. Don haka duk matar da ke son wakenta ya hau jirgi, sai ta dasa darbejiya goma sha biyu a gonarta, shi kuma zai riƙa zuwa yana ɗaukar hoton su da wayarsa, a buga wa kwalayenmu hatimi mai ganye. Wadda ba ta da itace, ba ta da hatimi. Ƙungiyar da itacenta bai cika ba, dukkanta ta rasa jirgi.

Mata suka yi ta dariya. Tipoko, shugabar ƙungiya, ta ce masa, "Ɗan nan, su su hau jirgi, su su ci wake, mu kuma mu share musu sama?" Nopoko ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga hannu ta ce gonarta ta aro ce. Wendkuni ya yi murmushi ya ce, "Haba Mama, itace ne fa, ba gida za ki gina ba." Ta ce ko a bar ta ta dasa a tsakar gidanta. Ya ce wayar ba ta yarda ba, sai a inda waken yake fitowa.

Ina so a rubuta cewa ba mu musanta zancen zafi ba. Mu muke ganin tafki yana ja da baya kowace shekara, har tiyon injin ban ruwa sai da muka yi masa ƙari sau biyu. Ba mu ƙi itace ba. Mun ce dai a duba ƙasar wa za a dasa shi, aka yi mana kunnen uwar shegu.

4. Cewa da dashen ya iso a watan Agusta na shekarar ta 2023, Nopoko ta rasa yadda za ta yi, sai ta yi dabarar da ta jawo duk wannan. Ta nemo buhunan siminti, ta ɗebo ƙasa daga tsakar gidanta, ba daga gonar ba, ta cika buhunan. Ta sa kowane dashe a buhunsa, ta haƙa ramuka a gefen gona, ta binne buhunan har wuya. A lissafinta, itacen yana tsaye a gonar don idon waya, amma saiwarsa ba ta taɓa ƙasar Kinda ba. Bai sha ƙasarsu ba, bai ci ƙasarsu ba, don haka ba a dasa shi ba.

Ba ta yi a ɓoye ba, ranka ya daɗe. Ta dama gari a ƙwarya, ta je wurin Baba Yamba, wanda a lokacin idonsa ya riga ya tafi, ta durƙusa ta faɗa masa komai. Ina wurin. Tsohon ya yi dariya har da tari, ya ce, "Nopoko, ashe kin fi Tinga wayo! Abin da ke cikin buhu ai kaya ne, ba shuka ba ne. Ajiye kayanki, ranar da baƙinki suka gama da su ki ɗauke." Ni kaina na yaba dabarar. Na ce mata wannan ne karo na farko da na ga kan Mosi ya yi wani aiki ban da ɗaukar tulu. Ta ce in rufa mata baki, mashayin giyar dawa. Wendkuni ya zo ya ɗauki hotonsa, bai ga buhu ba, bai kuma tambaya ba. Aka buga mana hatimi, wake ya hau jirgi, kowa ya kwana lafiya.

Babu wanda ya tuna cewa darbejiya ce, kuma a bakin ruwa take.

5. Cewa Baba Yamba ya rasu a watan Fabrairu na bana, ɗansa Tasere Kinda ya dawo daga Kodebuwa ya karɓi gida. Dole in faɗi gaskiya game da Tasere, ko da ba ta taimaki ƙorafinmu ba. Shi ma a can ƙasar aro ya zauna, ya dasa koko, ya yi renon sa har ya fara 'ya'ya, masu ƙasa suka ce ya ci amana, suka kore shi da rigar jikinsa. Mutum ne da itace ya riga ya cinye sau ɗaya.

Ranar 28 ga Agusta ya zaga iyakokin ubansa, ya tarar da darbejiya a jere sun wuce tsayin mutum. Nopoko ta ce masa a buhu suke, kuma Baba ya sani. Ya ce, "To Inna, in kaya ne, bari in taya ki ɗauka." Ya kama ɗaya ya ja. Ko motsi. Ya sa fartanya ya tona. Buhun yana nan, amma ya yage ta ƙasa, saiwa ta fita ta ko'ina kamar ƙafafun kaza daga tsohon kwando, ta nutse cikin ƙasar Kinda. Ya tona na biyu, haka. Na uku, haka. Nopoko tana tsaye da fartanyarta a kafaɗa tana kallo. Ta gaya mini daga baya cewa wallahi tun rasuwar mijinta ba ta ji kunya da tsoro irin na ranar ba, domin a idon kowa ta zama ɓarauniyar ƙasar mutumin da ya ciyar da su.

6. Cewa ranar 15 ga Satumba aka zauna gaban tengsoba, dattijon da maganar ƙasa ke hannunsa. Na ba da shaidar abin da Baba Yamba ya faɗa. Tengsoba ya ce ya yarda da ni, duk da ni ɗan Samo ne, amma marigayin buhu ya yi wa izini, bai yi wa saiwa ba. Ya yanke cewa a tumɓuke itatuwan kafin kasuwar 13 ga Oktoba, lokacin da ake fara gyaran kunyoyin wake. In an cire, aro yana nan yadda yake. In ba a cire ba, zai kafa sanda mai ganye a tsakiyar gonar, ƙasa ta koma gidan Kinda, kuma ƙafar Gansonre ba za ta sake taka ta ba. Hukuncin bai yi tsauri ba. Nopoko ta yi godiya, ta tashi da niyyar ɗaukar gatari a ranar.

7. Cewa daga nan ne aka shiga yawo da hankalin tsohuwa, kuma nan ne zuciyar ƙorafin.

Mun kira Wendkuni. Ya ce kada ta kuskura. Itatuwan sun shiga ƙidaya, an riga an sayar da iskarsu ga masu jirgi, in aka rasa ko ɗaya a zuwansa na gaba, hatimin ƙungiya duka ya faɗi. Muka ce to za mu ciro su da saiwarsu, mu mayar da su filin makaranta, mu yi ta ba su ruwa har su kama. Ya ce waya ta san inda kowane itace yake tsaye, wanda ya matsa daga wurinsa, a wurin waya ya mutu. Na tambaye shi ko hayaƙin jirgi ya san bambancin filin makaranta da gonar Kinda. Ya ce, "Baba, ni ma aiko ni aka yi." Na yarda da shi. Na nemi lambar wanda ya aiko shi, ya ce wannan yana Turai, kuma shi ma bai taɓa jin muryarsa ba.

Ranar 24 ga Satumba muka hau mota zuwa wurin jami'an gandun daji. Suka ce itacen da aka yi wa rajista ba a sare shi sai da takarda, takardar kuma mai itacen ne zai nema. Muka ce ga mai itacen. Suka duba suka ce a wurinsu sunan kamfani ne a kai. Muka koma wa kamfani, suka ce su iska kawai suka saya, itace na manomi ne. Ranka ya daɗe, na yi shekaru ina rubuta takardu, ban taɓa ganin abu mai iyaye da yawa haka ba, amma ranar wahala ya zama maraya.

Sai Nopoko ta kama kaza, ta je wurin Tasere ta durƙusa, ita da ta goya shi a bayanta yana jariri. Ta ce ta ba shi itatuwan kyauta, ya zama shi ya dasa, a faɗa a kasuwa kowa ya ji. Tasere ya ɗaga ta, ya ce, "Inna, tashi, kina sa ni zunubi." Sannan ya tambayi shekara nawa takardar kamfani ta ce itatuwan za su tsaya. Na faɗa masa: talatin. Ya ce in ya karɓa, ya yarda ke nan baƙon da bai taɓa gani ba ya riƙe ƙasar ubansa har shi ya shiga kabari, 'ya'yansa su tashi su tarar da masu waya suna cewa nasu ne. Ya ce ya riga ya ga irin wannan da idonsa. Ya mayar mata da kazarta.

8. Cewa maganar ta shiga ƙungiya ta raba zumunci. Matan nan tare suke tsinkar wake tun suna amare, tare suke raka gawa. Yawancinsu gonakin gidan mazajensu suke nomawa, don haka itacensu bai dame su ba. Da suka ji cewa gatarin Nopoko zai sauke su duka daga jirgi, sai gaisuwa ta fara gajarta. A bakin famfo a ba ta hanya ta ɗebi ruwa da sauri, don kada a haɗa ido. Tipoko ce ta yi ƙarfin halin zuwa gidanta. Ta zauna ta yi kuka, ta ce, "'Yar'uwa, ba zan ce ki sare ba, ba zan ce ki bari ba. Amma kin san gida nawa ke cin tuwo daga kwalayen nan." Nopoko ta ce ta sani, ai ita ta yi wa rabinsu wankan jego.

Ta wasa gatarin. Na gan shi jingine a bakin ɗakinta har mako biyu, yana ƙyalli. Kullum da safe ta ɗauka ta nufi gona, kullum ta dawo da shi bai taɓa komai ba. Na ce mata, baiwata, ko dai in je in sare da kaina, a ce ɗan Samo ne ya bugu ya yi ɓarna, ai ba wanda zai yi mamaki. Ba ta rama ba. Tun da na san ta, ranar ce ta fara barin zagina ya faɗi ƙasa, kuma ranar na tabbata abin ya fi ƙarfinmu.

9. Cewa jiya Lahadi, 13 ga Oktoba, bayan kasuwa ta watse, tengsoba ya zo gonar da Tasere da dattawa. Ya tambayi Nopoko ko tana da magana. Ta ce babu. Ya sake ba ta dama, ya ce ga gatari ga itace, in ta fara yanzu zai zauna ya jira. Ta dubi matan ƙungiya da suka tsaya can nesa a kan gaɓa, ta ce a kafa. Aka kafa sandar. Tasere bai ɗaga kai ba har aka gama. Aka bar ta ta shiga karo na ƙarshe, ta ɗauko bokitin ban ruwanta da wani tsohon takalmin Tinga da ke rataye a bukka, ta fito ta baya-baya, yadda ake fita daga gaban manya.

Irin waken bana yana ɗakinta a ƙulle cikin leda. Ba ta da inda za ta zuba shi.

Saboda haka, ranka ya daɗe, cikin ladabi muke roƙon waɗannan abubuwa:

Na ɗaya, a kira kamfani da jami'an gandun daji da gidan Kinda a zauna a ɗaki ɗaya a gabanka, a faɗa da baki ɗaya ko itatuwan nan na wane ne. In an yarda a mayar da su wani fili, wataƙila tengsoba ya duba tsufanta ya cire sandarsa, ko da yake dattawa sun ce ba su taɓa ganin an cire ba.

Na biyu, a rubuta wa masu jirgi da masu cin wake, ta duk hanyar da gwamnati ke da ita, a gaya musu cewa a ƙasar nan itace magana ce, kada su sake aiko shi gonar da ba su tambayi mai ita ba. Akwai wasu masu aro a ƙauyukan gaba, kuma mun ji dabarar buhu ta riga ta kai can.

Na uku, in akwai wani ɗan fili na gwamnati kusa da ruwa, ko da faɗin tabarma goma ne, a taimaka wa tsohuwa da marayu kafin lokacin shuka ya wuce.

Na huɗu ba nawa ba ne. Da na karanta mata ukun nan, ta ce duk sun yi, amma ta san takarda tana daɗewa a ofis, kuma ruwan sama ya ɗauke. Itatuwan ba su yi ƙwarin da za su ƙetare rani ba tare da ban ruwa ba, ga awaki. Tasere ya rantse ba zai taɓa su ba, ko da ruwa ko da gatari. Sauran mata suna tsoron sandar. In suka bushe, Wendkuni zai zo da wayarsa, hatimi ya faɗi, ta yi asarar gonar a banza ke nan. Don haka tana roƙon ranka ya daɗe ya nema mata alfarma wurin tengsoba, a bar ta ta riƙa tsayawa a kan iyaka, daga waje, ba tare da ta taka ƙasar ba, tana watsa musu ruwa da bokiti. Ta ce ta auna da ido, hannunta zai kai ga tara. Ukun da ke can ciki ne ba ta san yadda za ta yi da su ba.

Na ce mata wannan ba roƙon da ake kai wa Kantoma ba ne. Ta ce in rubuta yadda ta faɗa. Na rubuta.

Muna jiran umarninka cikin biyayya, muna kuma neman gafara in alƙalamina ya yi tsalle a inda bai kamata ba. Allah ya ƙara wa ranka ya daɗe girma da lafiya, ya sa a ji kukan na ƙasa a zamaninka.

Naka cikin ladabi da ƙanƙan da kai,

Issiaka Drabo,
Magatakarda,
a madadin Nopoko Gansonre, wadda ta dangwala babban yatsanta na dama a ƙasan wannan layi.